Shekarar da Barkonon Gwaggo Ya Huce

Bana ruwa ya ƙi ɗaukewa. Dawa ta sunkuyar da kai, gero yana dami, amma kullum bayan azahar sai gabas ta haɗe. Ina zaune bakin ɗakina ina kallon matan jikokina, su baza barkono a tabarma, su kwashe, su sake bazawa. Jiya na ce wa ƙaramarsu ta miƙo mani ɗaya. Na gatsa, na tauna, na jira. Ya ɗan taɓa harshe ya wuce. Ta tsaya tana duban bakina ko zan ce wani abu, na ce ta je ta juya shanyarta, tun hantsi take gefe ɗaya. Amma ɗanɗanon nan na san shi. Na taɓa cin irinsa, shekarar da nake goyon fari, a gidan surukaina can bayan Kafur.

Manyan gidan uku ne. Akwai Baba, uban maigidana, da Inna matarsa, sai Gwaggo, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta da ɗanta guda ɗaya. Gwaggo gajeruwa ce, ba ta da jiki, amma in ta fara faɗa har kaji barin tsakar gida suke yi. Ranar da aka kawo ni, kafin in san inda randa take, ta riga ta gaya mani cewa tafiyata ta masu lalaci ce. Ba wanda ya tsira, har Baba da furfurarsa. Kuma ba wanda ya taɓa cewa ta rage.

Dalili shi ne barkono. A wajenmu ba kowa ke dasa shi ba. Ana cewa zafin zuciyar mai dashe shi ke sauka cikin 'ya'yan, kuma ba ranar dashe kaɗai ba, har ya nuna yana shan halin mai shi. Mai sanyin rai in ta dasa, sai a samu abu ja mai kyan gani, a baki kuwa kamar ɗanyar kuɓewa. A Dayi inda aka haife ni ma haka na tarar ana faɗi. To Gwaggo na da 'yar garkarta a bayan gida, tsakanin katanga da rumbuna, an kewaye ta da ƙaya, ba mai shiga sai ita. Shekara guda ana shan zaginta, kaka ta yi a samu barkonon da maƙwabta ke zuwa roƙon irinsa.

Yaran yanzu suna ganin barkono na miya ne kawai. Mu da shi muke ajiye wake. In an sussuke wake ya bushe, sai a cuɗe shi da tankaɗaɗɗiyar toka da dakakken barkono, a ɗura a manyan tuluna, a cika baki da barkono ɗungum, a kifa tsingaro, a liƙe da laka. Toka ita kaɗai takan ɗan riƙe, amma ba ta kai ko'ina. In barkono ba ya da yaji, kafin tsakiyar rani za ka kara kunne jikin tulu ka ji ƙwari suna aiki a ciki, ka buɗe ka tarar da gari da ɓawo.

A bazarar waccan shekarar fataken Gwanja suka dawo. Ɗan Gwaggo ya bi su da jakuna tun bara waccan. Madugu ya zo da kansa ya zauna a zaure, ya ajiye wa Baba takalman yaron da burgaminsa, jakarsa ta fata, ya ce zazzaɓi ne ya kama shi a bakin wani kogi, sun yi mashi sutura a can. Muka zuba ido mu ji gida ya tsage. Gwaggo ta karɓi kayan, ta shiga ɗaki, ta fito ta zauna karɓar gaisuwa. Aka watse, ba ta ɗaga murya ba. Wata safiya na zo wucewa da tulu, ta ce mani sannu 'yar nan, in yi a hankali ƙasa da santsi. Na fi son ta zage ni.

Duk da haka ta yafa irinta kamar kullum, a fasasshiyar randa, cikin toka da kashin awaki, ƙarƙashin inuwar rumbu. Da ruwa ya zauna ta yi dashe da yamma. Inna ta leƙa ta saman ƙaya, ta dawo ta samu Baba yana alwala, ina kusa ina jin su. Ta ce da can in Gwaggo na dashe, tana zagin kaji, tana zagin ƙasa, tana zagin maƙerin da ya ƙera fartanya. Yau kuwa dasa su take kamar mai kwantar da jinjiri. Baba ya ce a bari a ga abin da Allah zai yi.

Sai marka ta zo, irin wadda ban sake gani ba sai ko bana. Ruwa ba da ƙarfi ba, amma ba ya tsayawa. A wayi gari da shi, a wuni da shi. Katangu suka riƙa zubar da fatarsu, ka ji tim a bayan gida ka san wani sashe ya tafi. Itace ya jiƙe, sai hayaƙi, idanunmu kullum ja. Wuta in ta mutu sai a lulluɓa da faifai a je maƙwabta a ɗebo a tsingaro. Tsakanin yatsun ƙafa ya tsage yana ƙaiƙayi. Zane ba ya bushewa, goyona yana warin danshi. Auduga ta ƙi kaɗuwa, zare sai tsinkewa. Kwaɗi har cikin ɗaki.

Gero ya tsira a kan zangarniyarsa tun yana tsaye, ka ga kore a inda ya kamata ka ga ƙwaya. Dawar fadama ta kwanta cikin ruwa ba ta tashi ba. Tsohon hatsi ya kusa ƙasan rumbu, Inna ta mai da tuwo sau ɗaya, sauran cikin a cika shi da kwaɗon rama da tafasa. Abu ɗaya ya yi kyau, waken da aka shuka a jigawa, shi yana ta yaɗo abinsa. Baba ya dawo daga gona ya ce bana wake ne zai kai mu wata damina, in ya kai. Daga ranar kowa in zai zaga bayan gida sai ya ɗan karkata kai wajen garkar Gwaggo.

Inna ce ta kawo dabarar. Ta same ni a dutsen niƙa, ta durƙusa kamar mai taya ni, ta ce barkono bai yi fure ba tukuna, da sauran lokaci. In aka samu zuciyar Gwaggo ta tashi, zai sha. Ta ce kowa a gidan nan zai ba da nasa.

Aka fara da mazarin Gwaggo, Inna ta ɓoye shi cikin ragaya. Gwaggo ta nema ba ta gani ba, ta zo ta ari nawa, har da godiya. Aka ce ni in miƙa mata tuwo da hagu. Na miƙa, ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka. Maigidana aka sa shi ya bi ta ƙofar ɗakinta da taɓo har gwiwa bayan ta share, ya kuma faɗi a gabanta cewa daddawar gidan liman ta fi tata ƙamshi. Ta ce mai yiwuwa ne, ta ɗauki tsintsiya. Inna ta kwance akuya ta kora ta kan yakuwar da Gwaggo ta tsinko. Gwaggo ta kamo ta a kunne ta mai da ita turke, har tana shafa mata wuya. Daga ƙarshe Baba da kansa ya shiga ya ce mata tsufa ya cinye ta, miyarta ba ta da ɗanɗano. Ina jin ta ta cikin zana tana cewa gaskiyarsa, ya yi haƙuri. Baba ya fito yana share ido da hannun riga, ya ce wa Inna shi kam kada a sake aikensa.

Barkonon kuwa ya yi tsawo har ƙugu, ganye faffaɗa, kore shar. Fure fari ƙanana ya fito, rabi ya zube a taɓo. 'Ya'yan da suka kama suka yi ƙiba suna sheƙi, suka daɗe kore, sannan suka fara ja daga tsini a hankali, wasu kafin jan ya kai sama ƙasan ya ruɓe. Gwaggo ta yi tsinkar fari da ɗan karan da ke riƙe da kowanne, don ta nan ruwa ke shiga in aka cire. Ta ajiye ƙwarya a tsakar gida. Inna ta ɗauki ɗaya ta tauna, ta miƙa wa Baba wani. Muka tsaya muna duban idanunsu. Ko ƙwalla. Gwaggo ta ce ta sani, hannunta ne ya mutu, a yafe mata.

Rana babu, balle shanya. Wanda muka baza a tabarma ya yi furfurar ruɓa cikin 'yan kwanaki. Sauran muka shiga zura mashi zare da allura ta wajen karan, muna ratayewa saman murhu hayaƙi ya busar. Ya bushe ɗin, ya koma baƙi-baƙi yana warin itace. A shekarun kirki in barkonon Gwaggo na rataye saman wuta, ba mai iya tsayawa a ɗakin girki sai ya toshe hanci. Wannan karon a nan nake shimfiɗe yarona ya yi barci, ko tari.

Ni tun ina ƙarama ina da kallo. Uwata takan ce in aka aike ni rijiya sai na tsaya na ga inda tururuwa za ta kai abin da ta ɗauka. To kullum ruwa ya tsagaita sai in tsaya bakin ƙayar nan da goyona. Abin da na lura, ruwan rufin ɗakin Gwaggo da na rumbuna duk a garkar yake taruwa, ya kwanta har idon sawu, bai tsotse ba wani ya zo. Amma can sama wajen wani tsohon suri akwai 'yan tsiraru da ruwa ba ya kwanciya a gindinsu. Su gajeru ne, ganyensu ƙanana, 'ya'yansu sirara kamar ba su ƙoshi ba. Na zura hannu ta cikin ƙaya na tsinko ɗaya. Kafin in kai randa hawaye ya wanke mani fuska.

Abin ya tsaya mani a rai. Hannu ɗaya ya dasa su, yamma ɗaya. Ina daka ina juya shi, ina tankaɗe ina juya shi. Na tambayi maigidana, ya ce wataƙila da ta iso wajen surin ta tuna wani wanda ya taɓa ɓata mata rai. Na tambayi Inna, ta ce yarinya mai goyon fari tukunyarta ya kamata ta sa wa ido. Ban yi musu da kowa ba. Ni dai so nake in ga abin da zai faru in ruwan nan ya fita.

Wata safiya Gwaggo ta tafi barka maƙwabta. Na ɗauki fartanyar maigidana, na janye ƙaya, na shiga. Taɓo ya kama ni har ƙwauri. Na fara haƙa daga tsakiya inda ya fi kwari, na ja hanya har rariyar da ke gindin katanga, na zare ciyawar da ta toshe ta. Ruwa ya bi, ja, yana ƙara kamar ana tsiyaye tulu. A hanya na sare saiwoyi, wasu itatuwan ma suka kwanta gaba ɗaya. Na tsuguna ina kallon ruwan yana ja baya, ƙasa tana fitowa da wani wari mai tsami, saiwoyi farare suna bayyana. Ban ji tahowarta ba.

"Wa ya aiko ki?"

Na ce ba kowa.

"Innarku ce. Mazari da akuya da tuwon hagu duk na gani, na bar ku. Yau kuma nan ta turo ki?"

Na ce wallahi Inna ba ta sani ba, ni ce nake so in gani.

"Ki ga me?"

"In ga ko ruwa ne, Gwaggo, ko hannunki."

Ta dube ni, ta dubi waɗanda suka kwanta a taɓo da 'ya'yansu. Muryar da ta fara fitowa a shaƙe take, kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba. Sannan ta buɗe. Ta fara da kunnuwana, ta sauka ƙafafuna, ta wuce Dayi ta bi dangin uwata gida gida. Ta dawo kan maigidana da ya bar fartanya inda mahaukaciya za ta gani, ta haɗa da Baba da ya je har wani gari ya zaɓo wa ɗansa abin gwaji da gonar mutane. Yarona ya farka yana tsala kuka. Ta saman ƙaya na hango Inna tsaye da taɓarya, ta cusa bakin zane a baki, kafaɗunta na rawa. Daga zaure na ji Baba yana hamdala. Wata maƙwabciya ta ɗago kai ta katanga tana yi wa Inna barka.

Ana cikin haka Gwaggo ta kama ƙayar da na janye, ta ce na san wanda ya saro ta? Ta kira sunan ɗanta, karo na farko tun zuwan madugu. Ta ce shi ya kafa ta da hannunsa kafin ya tafi, shi ke ɗauko mata taki a ka, bayan ƙafarta ba ƙafar da ta taɓa taka wurin nan sai tasa. Sai ta zauna daɓas a cikin taɓon, ta ɗora hannu a ka. Kukan da ta yi har ƙofar gari an ji shi. Inna ta cire zanen daga baki, ta ajiye taɓarya, ta shiga ta zauna kusa da ita cikin taɓon. Ni na tsaya da fartanya ban san inda zan sa ta ba, sai da Gwaggo ta ɗago ta jefe ni da curin laka ta ce in fita mata.

Ba ta cike hanyar ruwan ba. Washegari na leƙa na ga ta ƙara mata zurfi, ta gyara inda na karkace.

Ba a daɗe ba ruwa ya ɗauke, ranar kaka ta fito da zafinta. Ƙasar garkar ta bushe har ta tsage. Barkonon ya zubar da manyan ganyensa, ya sake fure, ya kawo 'ya'ya ƙanana sirara masu saurin ja. Gwaggo ba ta ba shi ko ɗigon ruwa ba. Mu kuwa a gida mun koma shan abin da muka roƙa, safe da yamma, ni na fi kowa rabo. Takan yi tsinka bayan raɓa ta bushe, ta ɗora mani ƙwarya mu fita bayan ganuwa, inda wani shimfiɗaɗɗen dutse yake da matan gari ke shanya a kai. Dutsen kan yi zafi har ba a iya taka shi. A baza, a riƙa juyawa da kara, a kori awaki da zabi, a kwashe kafin a rufe ƙofar gari. In ya bushe sai ka ji ya yi sakayau, ka girgiza 'ya'yan ciki su amsa.

Ranar daka muka ɗaure hanci da tsumma, muka kai turmi can inda iska za ta tafi da shi, duk da haka har zaure ana atishawa. Hannuwana suka wuni suna ci kamar na tsoma su a garwashi, na shafa man shanu na jiƙa da tsamiya, sai Inna ce ta riƙe mani yaro. Inna tana tari tana hawaye tana cewa ai ga shi nan, ita ta faɗa, zuciya ce.

Ni kam har yau ban sani ba. Abu uku suka zo tare, hanyar ruwa da rana da faɗan Gwaggo, ba yadda za a yi in raba su. Na yi shekaru ina dasa barkono bayan ta, a tudu da kwari, a shekarar ruwa da ta fari, ina lura. Abin da ya hana ni ganewa, ban taɓa samun damina guda da ta wuce ba wanda ya ɓata mani rai ba.

Mai yajin bai yi yawa ba, ba zai ishi wake duka ba. Gwaggo ta raba tuluna kashi biyu. Waɗanda za a fara ci ta sa masu baƙin nan na hayaƙi da toka mai yawa. Waɗanda za su jira bazara ta sa masu jan, ta liƙe da kanta, ta danna babban yatsa a lakar don a gane su. Muka shiga rani. Tulunan farko lafiya. Na ƙarshensu da muka buɗe, ƙwari suka taso mana a fuska, wake duk huji, a zuba a ruwa ya taso sama. Muka sheƙe muka dafa haka nan. Kowa na satar kallon masu alamar yatsa a kusurwar ɗaki.

Bazara ta zo da zafin da ke hana numfashi. Rumbu ya koma sai ƙaiƙayi, yaran gidan sun fara wuni a kwance, ga shuka tana tafe ana bukatar iri. Gwaggo ta sa maigidana ya mirgino tulu ɗaya tsakar gida da hantsi. Duk muka kewaye, har Baba. Ta durƙusa ta kara kunne a jikinsa, ta daɗe. Sannan ta ɗauki dutse ta fasa lakar, ta ɗaga tsingaron. Yajin ya bugi kowa, Baba ya ja da baya yana atishawa. Ta kwashe na baki, ta zura hannu har kafaɗa, ta ɗebo daga can ƙasa ta watsa a faifai. Ta kai shi rana tana tonawa da yatsa, ƙwaya ƙwaya, tana hure toka. Fari tas, sumul, ba huji ko ɗaya.

Ta turo mani faifan da ƙafa.

"Ki wanke shi sosai, kada ki kashe mani yara da yaji."

Na wanke, na sake wankewa, na dafa da 'yar kanwa. Duk da haka yana cizon harshe, yara suna ci suna hura baki suna ƙara kai hannu. Gwaggo ta ci nata a bakin ɗakinta, ta ce bai nuna ba, kanwa ta yi yawa, a Dayi ko dafa wake ba a koya wa 'ya'ya. Ta siɗe yatsunta, ta miƙo mani akushin ta ce in ƙaro.